Sawun Yatsu a Tukunyar Baƙuwa

Daɓau ba sunan yanka ba ne, amma ko 'yar cikinsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno na gaskiyar. Sana'a ce ta raɗa masa. Tun gemunsa bai fito ba yake daɓen ɗakuna da shimfiɗa tayil, har gwiwoyinsa suka yi kanta, bayansa ya ɗan ranƙwafa kamar mai neman allurar da ta faɗi. In ya shiga gidan mutane, ko da dubiya ce ta kai shi, kafin a gama "ya mai jiki" za ka ga dunduniyarsa tana ƙwanƙwasa ƙasa a hankali, kansa a karkace. Kogo yake saurare. Tayil ɗin da aka shimfiɗa tsakani da Allah ba ya magana. Wanda aka bar wa rami a ƙarƙashi kuwa sai ya amsa da ƙarar kwanon da ba kome a ciki, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai ya fashe.

Iyakar abin da Daɓau ya sani game da duniya ke nan, kuma bai taɓa jin yana bukatar ƙari ba: abin da aka danne ya zauna lafiya, abin da aka bar wa sarari ya lalace. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," haka yake cewa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. In ya rufe murfin kwalba, sai an nemo mai ƙarfi. In ya ɗaure bakin leda, sai dai almakashi. In ya gyara shimfiɗar gado, sai mutum ya yi kokawa kafin ya cusa ƙafafunsa. 'Yarsa tana ƙarama in ta hango shi zai ɗaure mata igiyar takalmi, gudu take yi ta ɓuya a bayan uwarta. Ba mugunta ba ce. Mutumin kirki ne ƙwarai, hannunsa ne kawai bai san "ya isa" ba.

Matarsa ɗinki take yi, don haka duk benen da suke haya Tela ake ce mata. Shi kuwa "mutuniyar" yake kiranta tun suna sabon aure, kunya ta hana shi kama suna, daga baya sabo ya hana shi canzawa. Siririya ce mai dariya da ido. Tana budurwa ta yi aiki a wani kamfanin ɗinki, injin yankan yadi ya ɗauke mata gaɓar farko ta yatsan tsakiya a hannun dama. Ba ta ɓoye shi. In yara suka ƙura masa ido sai ta ce, "Injin ne ya ɗanɗana, ya ji ba gishiri, ya bar min sauran." Kowace safiya in Daɓau ya saɓa jakar kayan aiki, takan raka shi bakin ƙofa, ta kama yatsansa na nuni ta matsa sau ɗaya, ta saki. Sallamarsu ke nan, ba mai ƙara kalma a kai.

Rigimarsu a duk zaman ba ta wuce ta taga ba. Ita ta buɗe, shi ya rufe. Ya ce ƙura na shigowa ta cika layin tayil, ta ce ita ba a akwati aka haife ta ba. Haka suka tsufa, yana rufewa tana buɗewa, har sakatar ta koɗe. Yana son matar nan kamar ransa, sai dai son nasa ma irin na murfin kwalba ne.

Sannan Baƙuwa ta zo. Wata mai kawo ɗinki ce za ta tashi daga garin, ta bar wa Tela ɗan reshe a kwalbar ruwa. Sunan shukar filodendiron. Daɓau ya gwada faɗa, harshensa ya harɗe, ya haƙura. Tela ta ji an ce asalinta daga wasu dazuzzuka ne masu nisa inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, sai ta sa mata Baƙuwa, ta ce baƙo ai sai da lallashi. A hankali Baƙuwa ta zama 'yar gida. Ganyenta faffaɗa kamar tafin hannu, kore shar, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Ta bi zaren da Tela ta ɗaura mata, ta haye saman keken ɗinki, ta zagaye taga, tana sako wasu 'yan saiwoyi daga gaɓoɓinta kamar masu lalube.

Abin da ya tsaya wa Daɓau a rai shi ne ƙasar tukunyar. A wurinsa wannan ba ƙasa ba ce, shara ce: gutsattsarin ɓawon itace, zaren kwakwa, gawayi, da wata farar tsakuwa marar nauyi. Ka taɓa, ta lotsa. Kullum da safe, kafin ta hau keke, Tela takan nutsa yatsunta huɗu a ciki, ta ɗan motsa su, ta yi shiru kamar mai jin zafin goshin yaro. Wata rana ta zuba ruwa, wata rana ta wuce abinta. Daɓau kuwa tafin hannunsa har ƙaiƙayi yake yi.

"Mutuniyar, ki ɗan bar ni da tukunyar nan, ki ga aiki."

"Ɗakunan duniya duk naka ne, Malam. Wannan tawa ce. Ka taɓa ta mu ɓata."

Da girma ya zo, ciwon ƙirji ya kama Tela. Numfashi ya riƙa yi mata gardama, hawa bene ya zama doguwar tafiya, daga ƙarshe aka kwantar da ita a asibiti. Ana gobe za ta rasu ta ce wa 'yarsu ta ɗan ba su wuri. 'Yar ita kaɗai Allah ya ba su, amma Auta suke ce mata, don Tela ta ce wanda ba shi da ƙane ai auta ne. Da Auta ta fita, Tela ta lalubo yatsan mijinta.

"Ka kula min da Baƙuwa. Kar ta mutu a hannunka."

"Ba za ta mutu ba."

"In ta nemi ruwa ka ba ta. Amma don girman Allah, Malam, kar ka gyara ta."

Ya yi dariya, ita ma ta gwada, tari ya hana ta. Ya yi alkawari. Hannun nata a ranar ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa, amma sai da ta matsa yatsan kafin ta saki.

'Yan gaisuwa suka watse, Auta ta koma gidan mijinta a can ɗaya gefen gari, ɗakin ya rage daga Daɓau sai Baƙuwa sai keken da aka lulluɓe da zane. Ya riƙe alkawari iyakar ƙarfinsa, wato bai daɗe ba. Hali zanen dutse. Wata safiya ya ga ruwa ya tsattsafo daga tukunyar ya yi wa tayil zobe, tayil ɗin da shi da kansa ya shimfiɗa. Ya duƙa ya duba, sai ga huji a gefen gindinta, wanda babban yatsa zai shige. Ya riƙe baki. Ashe duk shekarun nan a fasasshiyar tukunya baiwar Allah take rainon abarta, ba ta faɗa ba! Ya kwaɓa ɗan siminti ya toshe. Ya ce wa kansa wannan ba gyara ba ne, toshe ɓaraka ce.

Daga toshe ɓaraka sai ya lura ƙasar ta zauna, ta yi nisa da bakin tukunyar. Ya ɗebo jar ƙasa daga wurin da yake aiki, mai danƙo, irin wadda in ta bushe sai da diga. Ya tankaɗe ta, ya kwashe rabin sharar nan ya zubar, ya cika tukunyar. Sannan ya ɗauko gudumarsa ta roba ya bi ta daki-daki yana daɓewa, ya shafe saman da cokalin gini har ya yi sumul. Ya ƙwanƙwasa gefen tukunyar. Shiru, ba kogo. Rabon da ya ji daɗi haka tun kafin rasuwar. Ruwa kuwa safe da yamma, yadda ake ba sabon siminti don kar ya tsage.

Da gari ya waye ya zo da kofin shayinsa zai duba aikinsa, sai ya tarar da ramuka huɗu a saman daɓen, a jere, kusa da gindin shukar.

Ɓera ne, in ji shi. Ya danne, ya shafe. Washegari ga su nan kuma. Ya ɗana tarko, tarkon ya kwana da yunwa. Daɓau ba mai saurin tsorata ba ne, ya sha kwana a kangaye yana gadin kayan aiki. Da yamma ya sake daɓewa, ya barbaɗa garin siminti a tayil ya zagaye tukunyar, yadda ko kiyashi ya ratsa sai ya bar sawu. Ya rufe taga ya sa sakata, ya kulle ƙofa.

Da safe garin simintin na nan yadda ya bar shi, ko tabo babu. Ramuka huɗu ma na nan.

Ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa masu kanta. Ya gwada yatsunsa suka ƙi shiga, nasa sun yi kauri. Ya ɗauko ƙusa ya zura a ramin farko, ya kama iyakar da farce, ya zura a na kusa da shi. Kowa ya san in mutum ya nutsa hannu a ƙasa, yatsan tsakiya ne ke fin zurfi. A nan na tsakiyar shi ne gajere. Ya gaza da gaɓa ɗaya. Sai a lokacin hancinsa ya kama abin da tun shigowarsa yake ji bai kula ba: ƙanshin man keken ɗinki, sabo, alhali keken na lulluɓe ba wanda ya taɓa shi.

Ya ja da baya har ya jingina da bango, ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Rana ta shigo ta gilashin taga, a titi masu motoci na ta hon, maƙwabciyar sama tana jan kujera, duniya na ta harkarta, shi kuwa yana zaune a ƙasa yana kallon ramuka huɗu, shayinsa na hucewa. Ranar bai je aiki ba.

To amma tsoron bai daɗe ba. Abin da ya biyo bayansa ya fi shi haɗari, wato daɗi. Mutumin da ya yi watanni ba wanda ya gusar masa da ko cokali a ɗakin nan, yau ga shi an taɓa wani abu. Ya fara kwana da ɗoki. Da yamma ya yi wanka, ya daɓe tukunyar, ya shafe ta sumul kamar mai gyara wa baƙo shimfiɗa. Da safe ya zo da shayi ya zauna a kujerar Tela.

"Kin zo, mutuniyar? Sannu da hanya."

Sai ya ba ta labarin mai gidan da ya nace sai an sa masa tayil mai santsi a banɗaki, da na gwiwarsa ta hagu da ta fara ƙara in ya miƙe. Mutumin da a rayuwarta sai ta yi da gaske take ciro kalma daga bakinsa, yanzu shi ne mai surutu.

Wata rana aiki ya kai shi nesa, ya dawo a gajiye ya kwanta bai daɓe ba. Da safe ramukan jiya ne kawai, bakinsu ya bushe, ba sabo. Hankalinsa ya tashi. Da yamma ya daɓe har da ƙari, washegari sai ga su. Nan ya gane yadda abin yake: in ya danne ta zo, in bai danne ba ba ta zuwa. Daga ranar, ko zazzaɓi yake yi sai ya rarrafa ya ɗauki gudumar.

A kan Baƙuwa abin ya ƙare. Ganyayen ƙasa suka yi rawaya, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya a kan zanen keke. Na sama suka langaɓe kamar masu ƙishirwa, alhali ruwa kwance yake a tukunyar. Daɓau ya ga sun langaɓe, ya ƙara ruwa. Wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka tare a ɗakin. Wani wari mai tsami ya riƙa tasowa, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Yana gani, ba makaho ba ne, kuma bai manta alkawarin asibiti ba. Sai dai duk safiyar da ya ce yau zai nemi wanda ya sani, sai ya dubi ramukan ya ce gobe.

Su ma ramukan suka sauya. Da farko a natse suke, a jere. Yanzu sai ya tarar da su ko'ina, masu zurfi, a karkace, ƙasa ta fallatsa har bakin tukunya, kamar an yi aikin cikin gaggawa. Wata safiya kuma ya ga abin da ya sa ya ajiye kofin a ƙasa don kar ya suɓuce masa. A gefen gindin tukunyar, daidai inda ya toshe da siminti, an kankara, an sake kankara, farce ya bar farin zane a jiki.

Ranar hutu Auta ta zo da hantsi ba ta yi waya ba. Tun daga ƙofa ta toshe hanci.

"Baba, me ya mutu a ɗakin nan?"

Sai idonta ya sauka a kan Baƙuwa, rabin zaren tsirara, sauran ganyen a rataye kamar tsumma. Ta ajiye jakarta a hankali.

"Baba. Ka gyara ta."

"Ɗan toshe ɓaraka ne kawai na yi."

"Inna ta roƙe ka. Ina bakin ƙofa, na ji da kunnena."

Ta durƙusa gaban tukunyar, ta ga ramukan. "Kai ne kake tona ta haka?" Ta ɗora nata yatsun a kan wasu huɗu da ke jere, siraran yatsu irin na uwarta. Uku suka shige, na tsakiya ya tokare. Ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi. Shi ne ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, har da ɗan murmushi, kamar yaron da ke nuna abin da ya tsinta.

"Kullum tana zuwa, Auta. In na daɓe, sai ta zo mu gaisa."

Auta ta dubi gudumar, ta dubi zanen farcen da ke jikin simintin, hawaye ya zubo mata.

"Baba, ba gaisuwa take zuwa yi ba. Aiki take zuwa yi. Kai ka toshe, ita ta tona. Matar da numfashi ya gagara, ko a can ma ba za ka bar ta ta huta ba?"

Maganar ta shige shi kamar ƙusa.

Auta ce ta tasa shi gaba zuwa wurin Mai Furanni, wata ƙatuwar mata mai rumfar shuke-shuke a bakin babban titi, inda Tela ke sayen kayan ƙasarta. Daɓau ya miƙa mata ganye mai rawaya da ɗan ƙasar tukunyar a leda. Ta matsa ƙasar a tafinta, ta buɗe, ƙasar ta tsaya a dunƙule da shatin yatsu. Ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Baba, bulo kake bugawa ko shuka kake raino? Wa ya haɗa maka wannan?"

"Ni ne."

"To sannu da ƙoƙari. Garin neman gira ka kusa rasa ido. Ita wannan a dajinsu ba cikin laka take zaune ba. Jikin bishiya take bi, saiwarta na cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawo, ruwa ya zo ya jiƙa ta ya wuce. Saiwa numfashi take yi kamar ni da kai. Ka toshe mata hanci, ka zaunar da ita a ruwa, ta ruɓe, ganye ya langaɓe, kai kuma ka ce ƙishirwa ce ka ƙara."

Ta jawo buhu tana zubawa tana gaya masa amfanin kowanne. Ɓawon itace don ya bar ƙofofi, zaren kwakwa don ya riƙe danshi, gawayi saboda tsami, farar tsakuwar nan mai kama da kumfa don kar ƙasar ta haɗe, sai ɗan takin da ya gama ruɓewa, shi ne abincin. Ta cakuɗa, ta damƙa, ta saki, abin ya warwatse a tafinta.

"Ka gani? Ƙasar kirki ba ta riƙe shatin hannu. Hujin gindin tukunyar kuma, in ka toshe shi, ka buɗe, ta nan ruwa ke fita. Ka yanke duk saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi. Ka zuba, ka ɗan girgiza tukunyar, shi ke nan, ban da dannawa. Ruwa kuma sai ka nutsa yatsa gaɓa biyu ka ji a bushe."

Daɓau bai ji rabin bayanin ba. Magana ɗaya ce ta tsaya masa.

"Kika ce ba ta riƙe shatin hannu?"

"Ko kaɗan. Ka sa yatsa ka zare, ta rufe."

"Kuma ba sai an riƙa tona ta kullum ba?"

"A tona a nemi me? Sai shekara ta zagayo, ko biyu, in ka ga ta zauna ta fara haɗewa, ka sake mata sabuwa."

Ya ɗauki buhun. Ba shi da nauyin kirki, amma a matakalar bene sai da ya riƙa tsayawa yana hutawa.

Da so samu ne, sai a ce yana isa ya yi abin da ya dace. Bai yi ba. Buhun ya kwana a bayan ƙofa, shi kuma da yamma ya ɗauki gudumar ya ce na ban kwana ne, daga wannan an gama. Ya daɓe, ya shafe.

Da safe bai tarar da ramuka ba. Shati huɗu ne sama-sama, an ja su a kan daɓen an kasa nutsawa, suka gangara zuwa bakin tukunya suka ɓace. Ya san wannan hannun. Shi ne hannun asibiti, wanda ya kasa riƙe kofin ruwa. Daɓau ya kifa goshinsa a bakin tukunyar ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ta. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba a gaban mai rai.

Ya shimfiɗa buhunan wofi a ƙasa. Ya sa ƙusa ya fasa simintin, wani baƙin ruwa mai wari ya tsiyayo ya bi layin tayil ɗinsa, bai ko kalle shi ba. Ƙasar ta fito a dunƙule da siffar tukunyar, aikin gwani, sai da ya jiƙa ta ya riƙa ɓarewa da yatsa. Yawancin saiwoyin sun zama baƙin zare mai yauƙi. Ya yaye zanen keke ya ɗauko almakashin Tela, wanda a rayuwarta ko takarda ba ta yarda a yanka da shi. Ya ce, "Ki yi haƙuri, mutuniyar," ya bi su yana datsewa. Abin da ya rage fari mai ƙwari bai cika tafin hannu ba.

Ya wanke tukunyar, ya zuba sabon haɗin, ya zaunar da Baƙuwa, ya cika gefe, ya girgiza. Sai ya ga hannunsa na dama ya tafi da kansa yana laluben guduma. Ya kama shi da na hagu. Ya tashi ya jefa gudumar a jakar aiki, ya zuge, ya kai jakar bayan ƙofa. Da ya dawo ya ƙwanƙwasa gefen tukunyar da gaɓar yatsa, sai ta amsa masa da ƙarar nan da ya tsana duk rayuwarsa. Ya zuba ruwa, ruwan ya ratsa ya fito ta hujin ya taru a farantin da ya ajiye. Sannan ya zare sakatar taga ya tura ta waje.

Washegari ba kome. Ɓawo da gawayi yadda ya bar su. Ƙanshin man keke ya tafi. Ya zauna da shayinsa ya ce, "Kin zo?" Ɗakin ya yi masa shiru irin na tayil ɗin kirki. Kashegari ma haka, haka kuma kwanakin da suka biyo baya. Ya san shi ya sallame ta da hannunsa, ya kuma san daidai ya yi, amma sanin bai rage masa kome ba. Wannan rashin ya fi na farko ciwo, don na farko ba a yi shawara da shi ba.

Baƙuwa ta yi makonni a tsaye, ba ta mutu ba ba ta yi rai ba, 'yan ganye kaɗan a dogon zare. Daɓau ya koyi abin da ya fi daɓe wuya, wato ya ga abu ya ƙyale shi. Da safe ya nutsa yatsa gaɓa biyu, in da danshi ya wuce abinsa, ko da zuciyarsa na ce masa ƙara mata kaɗan. Ƙudajen suka watse, warin ya ɗauke. Sannan wata safiya sai ga ɗan tsiro a kan reshe, a nannaɗe, kore mai haske. Ya kira Auta a waya ya kasa magana, har sai da ta tsorata.

Yanzu ya bar aiki, gwiwoyin sun ƙi. Har yau in ya shiga gidan mutane dunduniyarsa na ƙwanƙwasa ƙasa, murfin kwalbarsa kuma har yau sai an nemo mai ƙarfi. Amma tagar a buɗe take wuni, Baƙuwa ta sake haye keken ta kama hanyar taga, in ƙasa ta fara zama kuma yakan je wurin Mai Furanni ya ɗauko buhu, ita kuwa ta tare shi da "Baba mai bulo, yau wa za mu toshe wa hanci?"

Abu ɗaya ne ya faru wanda rabinsa kawai ya faɗa wa Auta. Wata safiya, bayan sabon ganye ya yi yawa, ya nutsa yatsa zai ji danshi, sai ya ji wani abu a can ƙasa ya zagaye kan yatsan. Auta ta ce, "Saiwa ce, Baba, sababbin saiwoyi ne, alamar lafiya ke nan." Ya ce haka ne, saiwa ce. Mai Furanni ma ta ce saiwa ce.

Rabin da bai faɗa ba shi ne, abin yana da ɗumi. Ba ya tona kome, ba ya kankarar kome, ba ya barin shati. In ya zo zare yatsan, sai a matsa sau ɗaya, sannan a saki. Shi ya sa in ka wuce ta ƙarƙashin benen da hantsi ka ɗaga kai, za ka hango wani tsoho a bakin buɗaɗɗiyar taga, yatsa ɗaya a cikin tukunya, shayinsa na hucewa a gefe, ba ya gaggawar zarewa.